Hasken da Ya Taɓa Idon Ƙanena

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba. Ƙanena yana bincike a ƙasar waje, inda suke tura hasken leza cikin bututu mai iskar gas, ya fito gajere, mai tsananin ƙarfi. Da ya zo Mubi hutu, na ga yana tsiyaya shayi a gefen kofi. Na tambaya, ya yi dariya: "Hamma, hasken ne ya taɓa mini ido, kafin in ƙifta ya wuce." Ya koma bakin aikinsa. Har yau in na gifta masu walda, gabana faɗuwa yake. Don Allah, wanda ya sani ya gaya mini: irin wannan idon yana warkewa?