Tuwon Gayyar Inna

Shekarata tara mahaifinmu ya rasu, ya bar mu mu uku, duk mata, a wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Da Inna ta fita takaba masu neman aure suka yi ta turo tsofaffi. Kowa ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi bakin zaure. Gumin shinkafa take yi tana kaiwa kasuwar Tudun Wada, kuma ba ta taɓa aiken mu gidan kowa neman gishiri ba.

Da aka raba gado, gonar bakin rafi ce ta faɗo mana. Baffa, yayan mahaifinmu, ya zo ya zauna a tabarma yana jan carbi.

"Mace ba ta riƙe gona. Ki bar min ita in noma, in riƙa auno muku hatsi."

"Na gode, Yaya," in ji Inna. "Zan gwada bana."

Ya ce to, amma in damina ta yi nisa gonar tana kwance, zai sa garmarsa a ciki. Ko ni na san gonar da ta shiga hannun Baffa ba ta fitowa.

Inna ba ta da shanun huɗa, sai ta kira gayya. Ta sayi goro ta bi gida-gida, aka sa ranar Laraba. Da Baffa ya ji, shi ma ya sa tasa gayyar ranar Laraba. Wa zai ƙi dattijon unguwa ya tafi gonar bazawara?

Ranar muka tuƙa tuwon masara tukunya uku, da miyar kuka da ta ji man shanu da nama, ga fura cike da ƙwarya biyu. Muka kai gona muka zauna a ƙarƙashin ɗorawa. Hantsi ya dubi ludayi, ko mutum ɗaya babu. Daga tsallaken rafi kuwa muna jin kiɗan gangar noma a gonar Baffa. Na ji haushi har na fara kuka. Na ce mu zubar da tuwon a rafi kowa ya huta.

Inna ta dube ni. "Share hancinki, ki ɗauki ƙwaryar nan."

Muka tsallake rafi a jere, kowa da kaya a ka. Abincin gidan Baffa bai iso ba, dama ba a san gidan da sauri ba. Mutane sun yi gumi, yunwa ta ci su. Inna ta durƙusa ta gaida manya, ta ce sannunku da aiki, ta buɗe akusa ta koma gefe. Babu wanda ya tambayi daga ina abincin ya fito. Baffa ma ya ɗauka daga gidansa ne, don baya ya ba mu yana duba kunyoyin gonarsa. Malmala biyu ya tashi da su, ina kallo.

Sai da aka suɗe hannu sarkin noma ya ce, "Wannan miya ta wane gida ce?"

"Ta gayyata ce, Baba," in ji Inna. "Na ga ba a samu zuwa ba."

A garinmu ba a cin tuwon gayya a tafi gida, abin kunya ne da za a yi wa mutum gori da shi har jikokinsa. Sarkin noma ya miƙe ya saɓa garmarsa, makaɗi ya bi bayansa, saura suka bi. Kafin la'asar an huɗe gonarmu tas. Baffa ne ya zo ƙarshe, ya kama kunyar gefe, bai ɗaga kai ba har aka tashi.

Gonar tana hannun Inna har yau. Masararta ce ta kai mu makaranta mu uku, kuma ina alfahari da hakan a ko'ina. Bara na tambaye ta ko da gangan ta shirya abin. Tana tsintar shinkafa a faifai, ko kallona ba ta yi ba.

"Ni dai na ga tuwo zai huce," ta ce.