Kwanon da Na Shure a Manshiya

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, akwai rana guda a Sabha, birnin Larabawa da muka je ci-rani, da ba za ta fita daga raina ba.

Lokacin kuɗin fetur na tashe, ko'ina ka duba gini ake yi. Muna haya a wani gida a unguwar Manshiya, yawancinmu mutanen Nijar, sai wani dattijo magini daga wajen Jos, shi kaɗai Kirista a cikinmu. Baba muke ce masa. Shi ya koya mini ɗora bulo.

Duk shekara idan sanyin Disamba ya kankama, sai ya tafi ƙauyukan Wadi Bawanis ya sayo akuya, ya miƙo mini wuƙa, don ni ne mai ɗan karatun allo. "Malam, yanka mana, don kowa ya ci." Ya dafa shinkafa cike da tukunya. Ba wa'azi, ba waƙa. Zama kawai yake yi yana kallonmu, yana cewa haka 'ya'yansa ke wawaso a gida. Har kalmar kirsimeti ta zama tamu. Duk ranar da mutum ya ƙoshi sai ya shafa ciki ya ce, "Yau na yi kirsimeti."

A shekara ta huɗu na fara jan sallah a gidan, kaina ya kumbura. Na ƙi yankan, wani ya yanka. Da hantsi Baba ya kawo mini kwano da hannunsa, har da hanta a sama.

Na ce, "Ɗauke. Ba na cin abincin bikin arna, kuma duk wanda ya ci kada ya bi ni sallah."

Ya yi murmushi. "Haba ɗana, ai bara sau biyu ka yi ƙari."

Aka kwashe da dariya. Gara in faɗi gaskiya, dariyar nan ce ta ƙona ni, ba kishin addini ba. Na sa ƙafa na shure kwanon, shinkafa ta watse cikin rairayi. Waɗanda suka wanke hannu suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Baba ya durƙusa yana tsince naman, yana hure masa ƙasa. Abin da ya ce kawai, "Abinci bai yi maka laifi ba." Sannan ya ɗauki tukunyar ya kai wa masu jiran aikin yini a bakin titi.

Kafin sanyi ya wuce ya kwashe kayansa ya koma unguwar Hajara. Na san gidan sarai. Girman kai ya hana ni zuwa, har na ji ya koma ƙasarsu.

Bayan shekaru, wani sabon zuwa yana ba ni labarin yadda ya yi jinyar abokinsa, abokin ya warke ya zage shi tas. Ya ce, "Wallahi Malam, kirsimeti ya yi mini."

Na ce, "Me ke nan?"

"Haka 'yan Manshiya ke cewa in ka yi wa mutum alheri ya saka maka da wulaƙanci. An ce wani shashasha ne ya fara."

Na ce, "Allah ya shirye shi." Ban iya ɗaga kai ba.

Ran nan na gane kalma kwano ce, abin da mutane suka zuba mata shi take ɗauka. Shekara uku Baba yana zuba wa wannan ƙoshi, ni na kifar da ita da ƙafa ɗaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma har yau nawa na wuyana.