Sauraren Tulun Iri

Ƙa'idar Inna ta ajiye irin wake mataki huɗu ce. Na farko, a shanya waken sai ya yi ƙaras a haƙori. Na biyu, a busar da ganyen darbejiya a inuwa, a daka shi da busasshen barkono, a tankaɗe. Na uku, a cuɗa garin da waken, a zuba a tulu, a liƙe bakinsa da laka. Na huɗu, duk Juma'a a kara kunne a jikin tulun. Idan an ji ƙwari na gurgura, to ƙarfin garin darbejiyar ya ƙare, sai a fasa, a sake shanya, a zuba sabo.

Waken wani fari ne mai ƙananan ƙwayoyi da ta zo da shi daga garinsu. Ban taɓa ganin irinsa a kasuwa ba. Da ta rasu, kwano biyu ta bari, ni kuma na yi niyyar shuka su a ɗan filin da ya rage mana bayan Challawa.

Matakai ukun farko ban kuskure ko ɗaya ba. Na huɗun ne ya fi ƙarfina. Na daɗe ina aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, tsakanin injuna, har kunnena ya yi nauyi. A wurin aiki ba wanda ya lura, don dama da hannu muke magana. A gida kuwa ban faɗa ba. Duk Juma'a idan na dawo masallaci sai in durƙusa, in kara kunne, in ji shuuu ɗin da ke kaina kullum, in tashi in ce lafiya lau.

Wata rana maiɗakina tana shara kusa da tulun, ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Malam, kamar ina jin motsi a ciki."

"Ke kika san irin nan ko ni?"

Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta ci gaba da shararta. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, domin ta san halina.

Da damina ta kankama na fasa lakar. Wani ɗumi ne ya fara bugo ni, sannan ƙwari suka yi ta fitowa. Garin darbejiyar ya koma kamar toka, ko ƙamshi babu. Na juye waken a faifai, kusan kowace ƙwaya da huji biyu ko uku. Muka zauna ni da ita muna tsince masu lafiya har la'asar. Abin da muka samu bai cika tafin hannu ba.

Na shuka su a kunya ɗaya. Kwana goma ina biyawa ta wurin kafin in tafi aiki. Bakwai suka tsiro, akuyar maƙwabta ta cinye biyar, sauran biyun suka yi fure ba su yi 'ya'ya ba.

Ragowar filin na cika shi da waken kasuwa.