Takunkumin da ya ci gemuna

Komai zan manta a rayuwata, ban da ranar da na rabu da gemuna a birnin Tawa.

A shekarar nan innata ta kamu da tarin fuka. Daga Kalfu muka kawo ta gidan likita aka ba ta gado, kuma jinya ta faɗo kaina, don ƙannena mata duk suna goyo. Na iso da takunkumin atamfa da maiɗakina ta ɗinka mini, ina ta taƙama da shi. Majo, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya mai barkwanci da ke kula da ɗakin majinyata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, wannan na zuwa biki ne. Ƙwayar tarin nan cikin iska take yawo, ta gefe za ta shige maka."

Ta aike ni farmasi, shagon magani, na sayo takunkumi mai lamba FFP2, wanda igiyoyinsa ke zagaya ƙeya, da ɗan ƙarfe da ake matsewa a karan hanci. Babba da ƙarami na ɗauko. Ta sa na ɗaura babban, na dafe shi da tafuna, na busa. Iska ta fito fuu ta ƙarƙashin haɓa. Ƙaramin ma haka.

"Ba laifin takunkumi ba ne," in ji ta. "Gemun ne. Sai bakinsa ya manne da fata."

Tun ina saurayi nake kiwon gemun nan, har turare nake shafa masa ran Juma'a. Na so in yi gardama, sai na hango inna ta taga, ta rame, tana miƙa hannu ga kwanon ruwa ta kasa kaiwa. Nan take na nufi wanzami a bakin kasuwa. Sau uku yana tambayata ko na tabbata.

Da na dawo ba gemu, na ɗaura takunkumin, na ja numfashi ya lotsa ciki, na busa ba inda iska ta fita. Majo ta ce yanzu na yi. Amma kafin in shiga, na tsaya daga waje jikin taga, fuska a buɗe, na yi sallama. Inna ta ɗago ta ce, "Bawan Allah, wa kake biɗa?"

"Inna, ni ne hwa!"

Ta ƙura mini ido, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye. "Ashe haɓar ubanka ce kake ɓoye mini!" Rabonta da dariya tun kafin girbi. Ran nan ta shanye kununta tas.

Ta gama shan maganinta ta warke sarai, ni ma aka auna ni ba a ga komai ba. Tun daga nan na gane cewa mai jinya sai ya kare kansa kafin ya amfani wani, kuma in masu sani suka faɗa maka abin da zai tsare ka, ka bi, ko da zai raba ka da abin da kake so.