Man Buwat a Garajin Tasawa

Motar da na fara saye tsohuwa ce, otomatik. Wata biyu da sayenta ta soma fizga in za ta canza gudu, musamman kan hanyar Mayahi inda nake koyarwa. Na kai ta wani garaji a Tasawa, wajen wani dattijon makanike.

Ya shiga ƙarƙashinta ya kwance ƙusa, man buwat, wato man giyar mota, ya zubo cikin roba, baƙi ƙirin, da kauri kamar kunun da ya kwana. Warinsa kamar an ƙona gashi. Sai da na toshe hanci da hula.

"Mushe, wannan mai ya girmi ɗanka na fari," in ji shi, don Mushe ake kiran malamin makaranta a nan. Ya tsoma yatsa ya murza ya nuna mini garin ƙarfe yana walƙiya.

Ya zuba sabo daga bido biyu, wato jarkoki, da ya ɗauko a ɗakinsa. Ina shirin tafiya na tuna na bar hulata, na zagaya bayan garajin nemanta. Na iske shi tsugune, ya ɗaura tsohuwar safa a bakin mazurari, yana tace ƙazantar nan cikin bidon da ya juye mini.

"Baba, wannan fa?"

"Na masu taksi ne. Su ba su da tsirfa."

Na tofar da yawu, ina tunanin ko wanda ya zuba mini ma irinsa ne. Washegari na kai motar Maradi aka sake juye man a gabana. Ban ƙara taka garajinsa ba.