Ilu Mai Kai Kunu Bukkokin Agana

Ilu mutumin Ɗanzomo ne. Agana ta kama shi tun yana goye, ta bar masa zane a fuska, kuma zanen nan ne ya sama masa aiki. Shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa cutar ta sake shigowa gari, dagaci ya sa aka kafa bukkoki a bayan gari aka kwashe majinyata can, aka shiga neman waɗanda ba za ta sake kamawa ba. Aka samu wata tsohuwa, Iya, ta karɓi girki. Aka samu Ilu.

Iya ke dama kunu a gindin aduwa, sauran aiki duk na Ilu ne. Shi ke faskare, shi ke jan ruwa, ya kankare tukwane da toka da yashi, sannan ya ɗauki ƙore ya bi bukkoki ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai iya tashi, ya tallafo kansa ya ba shi da ludayi. Geron na sadaka ne, kuma ba ya isa.

A bukkar ƙarshe akwai wani baƙo, Gudaji, falken kanwa daga wajen Gagarawa, wanda ayari ya tafi ya bari. Ƙuraje sun haɗe masa jiki, ko ido ba ya buɗewa. Bukkar da ke kusa kuwa Zinariya ce a ciki, 'yar ƙanwar Ilu, wadda ta tashi a hannunsa.

Ilu ya dubi baƙon, ya yanke a ransa cewa wannan ba mai tashi ba ne. Daga ranar, in ya kai bayan wani kargo inda Iya ba ta hango shi, sai ya juye rabin kunun Gudaji a ƙwaryar Zinariya, ya cike ta baƙon da ruwa.

"Kunun ya tsinke kwanan nan, Malam Ilu," in ji Gudaji wata safiya.

"Geron ne ya yi ƙasa."

"To, Allah ya saka maka. Ba don kai ba, wa zai leƙo ni?"

Zinariya ta rasu wata Laraba da hantsi. Gudaji ya tashi, amma idonsa bai dawo ba. Ilu ya taɓa jin tsofaffi na cewa yunwa ce ke sa agana ta ci ido. Bai tambayi kowa gaskiyar maganar ba, ya dai riƙe ta.

Gudaji bai koma gida ba. Ya zauna a Ɗanzomo yana tufkar igiya a bakin kasuwa, kuma duk wanda ya tsaya ciniki sai ya ji labarin mutumin da ya raya shi. Da ya auri wata bazawara ta haifa masa namiji, sai ya sa masa suna Ilu. Ranar suna ya aika wa Ilu cinyar rago sukutum. Ilu ya karɓa da hannu biyu, ya rabar a unguwa, bai kai ko yanka ɗaya bakinsa ba.

Kowace damina sai ya nome gonar Gudaji kafin tasa. Mutane suka riƙa misali da amincinsu, kowane yabo kuma sai ya ƙara masa nauyi a ƙirji. Sau ɗaya ya yi ƙoƙarin faɗa, suna zaune a kan kunyar gona bayan sun gama shuka.

"Gudaji, kunun nan da nake kawo maka..."

"Bari kawai. Har yau ban sha mai daɗinsa ba."

Ilu ya sunkuyar da kai, ya ce hadari na haɗowa, su tashi.

Shekarar sanƙarau aka sake kafa bukkoki. Iya ta riga ta rasu, ba wanda ya kira Ilu, shi ya kai kansa wajen tukwane. A can ciwon ya kama shi, bai yi mako ba. Gudaji ya bi gawar har maƙabarta, matarsa ta haɗa shi da wani maƙwabci ya ja masa sanda, kuma Gudaji ne na ƙarshe da ya bar bakin kabarin.