Allon da Na Kafa a Bakin Hanya

Shekarar da na bar aiki a Kano na dawo ƙauyenmu na gaɓar kogin Haɗeja, na tarar kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta toshe hanyar da ruwa ke bi zuwa gonakin shinkafa. Haushi ya kama ni. Na yi wa ƙungiya rajista, na sa aka yi mana hatimi, na kafa allo a bakin hanya da sunana a matsayin shugaba.

Ban tsaya na tambayi yadda ake yi kafin in zo ba. Ashe duk shekara mai unguwa yakan sa a yi shela bayan sallar Juma'a, washegari kowa ya fito gayya da laujensa. Shekarar ce kawai aka makara.

Ranar da na kira aiki da sunan ƙungiya, mu shida muka fito. Na sami kawuna yana ɗinkin komar kamun kifi, na yi masa ƙorafi.

"Ɗana," in ji shi, "da can ruwan na kowa ne, shi ya sa kowa ke shiga. Yanzu an ga sunanka a allo, sai aka bar maka."

Ban ce kada kowa ya kafa ƙungiya ba, na ga waɗanda tasu ta amfani jama'a. Amma ni sai da na tuge allon, na je na durƙusa gaban mai unguwa, sannan aka sake shela. Hatimin yana cikin akwatina har yau, bai taɓa yanke ko kara ɗaya ba.